Wanet Mai Maƙogwaro Huɗu

Abdulghaffar ɗan Na'ibi bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Iyayensa sun taso daga wajen Haɗeja da ƙafa, suka tsaya noman auduga a Sudan, inda aka haifi yayarsa Dela, sannan suka ƙetaro Bahar Maliya. Da aka gama Hajji sai Na'ibi ya ce a ɗan huta kafin a koma gida. Hutun nan bai ƙare ba har ya bar duniya. A Karantina suka zauna, kudancin Jidda, cikin gidajen langa-langa da katakon akwati, kuma a nan aka haifi Abdulghaffar, autan gidan.

Hausarsa ta cikin gida ce, Larabcinsa na titi, in ransa ya ɓaci kuwa haɗa su yake yi. Kanikanci ya koya a warsha, wato gareji, ta Mu'allim Othman, wani mutumin Hadramaut da ke unguwar Sa'alaba, wanda ba ya barin kowa ya taɓa sifana sai ya saurari inji ya faɗi ciwonsa. Daga nan ya yi shekaru a tashar jiragen ruwa, cikin ɗakin inji inda mutum ba ya jin muryar kansa. Ya fito da gwaninta, ya auri Mastura, ya kafa rumfar kwano a jikin gidansu ya ce ita ce warsharsa. Ya kuma fito da wani abu da bai gaya wa kowa ba. Kunnensa ya fara dushewa. Magana yana ji in an fuskance shi, amma siririn sauti ya gudu.

Yana da wanet, wato motar ɗaukar kaya mai buɗaɗɗen baya, tsohuwa mai silinda huɗu, wadda ya tayar daga mushe. A cikin Jidda ba ta da laifi. Ranar da aka kai 'yarsa Zakiya gidan miji a Ɗa'if ne ta kunyata shi. Ana tsakiyar hawan dutsen Hada ta fara tari, ta ja numfashi, ta mutu a kan kwana, da amarya a gaba da 'yan rakiya a baya. Mata suka sauka suna turi, Dela na haki tana yi wa motar Allah ya isa. Ƙarshe dangin ango ne suka sauko da motarsu suka kwashi amarya. Dela ta rantse ko gawarta ba za a sa a wanet ɗin nan ba.

Shi kuwa ya yi alkawari a gaban surukai cewa ranar sunan ɗan fari, in Allah ya kawo, da wannan motar zai hawo da iyalinsa. Aka yi dariya. Shi bai yi ba.

Ya san inda matsalar take. Kafireta ɗaya ce ke ciyar da silinda huɗu, kamar akushi ɗaya a gaban ƙarti huɗu: na tsakiya su ƙoshi, na gefe su tashi da yunwa. A saman dutse kuma iska ta yi ƙaranci, mai ya yi yawa, inji ya shaƙe. Ya ce to, kowa a ba shi akushinsa.

A tashlih ɗin Hamad, inda ake zubar da matattun motoci, ya samu wata ta Turawa da ta yi haɗari, irin wadda ba ta da kafireta, sai famfo mai feso mai kai tsaye ta wasu ƙananan bakuna da kanikawan Jidda ke kira bakhakh. Ya kwance famfon da bakunan. Ya tattaro kafiretocin manyan babura guda huɗu, ya yashe kayan cikinsu, ya bar maƙogwaro kawai da murfin da ke buɗe wa iska hanya. Ya yanka bututu ya yi walda, ya kai wa wani mai injin sassaƙar ƙarfe a unguwar Bani Malik ya daidaita masa bakuna, ya haɗa murafan huɗu da sanda ɗaya zuwa totur. Hannun birkin keke ya ɗaura kusa da sitiyari don rage mai in an hau sama. Maƙwabta suna zuwa kallo da kofin shayi a hannu. Wani ya ce ya ga mai mata huɗu, amma bai taɓa ganin mai maƙogwaro huɗu ba.

Ana cikin haka, a shekarar 1974, saƙo ya zo cewa Zakiya ta sauka, namiji. Suna ya matso.

Inji ya tashi, amma yana ɗingishi kamar jakin da ya taka ƙusa. Saura aiki ɗaya, wanda a da shi ne mafi sauƙi a wajensa: a kara tiyo a bakin kowane maƙogwaro, ɗaya bakin a kunne, a yi ta murɗa ƙusar daidaitawa har shuuu ɗin da huɗun ke yi ta zama ɗaya. Ya kara a dama, ya koma hagu. Ba abin da yake ji sai gunjin da ke cikin kansa. Ya murɗa da ka, abin ya ƙara lalacewa. Kiran wani bakanike kuwa daidai yake da shelanta wa Karantina cewa almajirin Mu'allim Othman ya kurumce.

Da hantsi Mastura ta leƙo ta tagar da ke kallon rumfar, ta daɗe tana dubansa.

"Abu Zakiya, tiyon nan zai kai cikin gida?"

"Me za ki yi da shi?"

"Ni ba komai. Yaya Dela ce tun ɗazu take cewa motarka na soya abu da ɗanyen mai."

Dela ta shekara talatin tana tuyar ƙosai da waina a zauren gidan, tun rasuwar mijinta. Ba ta taɓa sa yatsa ta gwada zafin mai ba, da ƙara take sani. Abdulghaffar ya dubi matarsa, ya gane ta san abin da yake ɓoyewa, kuma ba yau ta sani ba. Ya ɗauko dogon tiyon ruwa ya zura ta taga.

"Ni za ka sa aikin banza, Auta?" in ji Dela daga ciki. "Motar da ta sa na yi turi da sabon zane?"

"Saurara kawai za ki yi, Yaya. Ki gaya mini wanne ya fi ƙara."

"Yalla, kara mu ji."

Ya kara a na farko.

"Wannan man ya yi. A zuba ƙullu."

Na biyu.

"Wannan zai ƙona ƙosai, ciki ɗanye. Rage wuta."

Ya murɗa kaɗan.

"Na ce rage, ban ce kashe ba. Haka uwarmu ta koya maka?"

Na uku ta ce ko albasa ba zai soya ba. Na huɗu ta ce a maimaita, Mastura na surutu. Suka yi ta zagayawa, shi yana murɗi, ita tana faɗa, har rawar da bonet ke yi ta lafa. Ya aza tafin hannu a kan inji, ya ji bugun ya zama sumul. Wannan kam hannunsa ya iya ji.

"Halas, shi ke nan," in ji Dela. "Kasko huɗu, wuta ɗaya. Sai dai ni ban ce zan shiga ba."

"In ta canza murya a dutse, wa zai gaya mini?"

Daga ciki Dela ta ce, "To gaba zan zauna. Kuma rantsuwata, kai za ka yi kaffara."

Ranar jajiberin suna aka loda tukwane, buhun gero, ragon suna, da mata shida a baya ƙarƙashin rumfar zane. Suka wuce Makka, suka fuskanci dutsen. Wanet ta kama hawa da wata murya mai kauri da ba a san ta da ita ba. Dela na gaba da carbi, kunnenta a kan inji. Da suka yi nisa sama ta ɗaga hannu.

"Mai ya yi yawa a kasko."

Ya matsa hannun birkin keken kaɗan, muryar ta washe. Suka iso kwanar da aka yi turi bara. Motar ta sha kwanar ba ko tari, har ta wuce wata babbar mota da ke tsaye tana tururi. Wata a baya ta rangaɗa guɗa, rago ya amsa.

A ƙofar gidan surukai Abdulghaffar bai kashe inji ba, ya bar shi yana bugawa a hankali. Uban ango ya fito, ya zagaya motar, ya ce a buɗe bonet. Maza suka taru a kan maƙogwaro huɗun, har aka manta da sauke rago.

"Ya mu'allim, wa ya daidaita maka su haka?" in ji uban ango.

Abdulghaffar ya nuna gaban mota da haɓa. "Ni na ƙera. Kunnen na Yaya ne, nawa ya tsufa."

Dela ta sauko tana gyara lulluɓi, ba ta dubi kowa ba.

"Ku matsa in ga jikana," in ji ta. "Kai kuma Auta, kafin mu koma ka duba na uku. Wutarsa ta fara ja da baya."