Rahila Caleb Dung da Dokar Hana Rigar Yaye

Haihuwa da asali

An haifi Rahila a shekarar 1967 a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi da ke birnin Kano. Mahaifinta, Malam Ɗanjuma Ayuba, malamin firamare ne ɗan asalin Zonkwa ta Kudancin Kaduna, wanda aikin koyarwa ya kawo shi Kano. Mahaifiyarta kuwa, Lami, tela ce da ke yi wa matan unguwa ɗinki. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya shida, kuma ita kaɗai ce a cikinsu ta sha bulala a kan zana gidajen maƙwabta da gawayi a bangon tsakar gida.

Karatu

Ta shiga firamare a 1973, ta wuce sakandaren 'yan mata a 1979, sannan a 1985 ta samu gurbi a sashen tsara gine-gine na wata jami'a da ke wajen Kano. A ƙa'idar wannan sana'a, digiri na farko rabin hanya ne kawai: wajibi ne mutum ya ƙara digiri na biyu, ya yi aiki a ƙarƙashin ƙwararre, ya ci jarrabawar rajista, kafin a ba shi hatimin da zai buga a kan zanensa da sunansa. Unguwa ba ta san wannan ba, ba ta kuma tambaya ba. A 1989, da Rahila ta kammala digiri na farko, Malam Ɗanjuma ya kafa rumfuna har suka toshe layi, aka yi addu'ar godiya a majami'a, aka ɗauke ta hoto cikin rigar yaye aka rataye a falo. Daga wannan rana babu mai kiran ta Rahila, sai Akitek, wato mai tsara gine-gine. Sunan ya yi mata daɗi ƙwarai, ta ce za ta koma karatu da zarar ta gama hidimar ƙasa, amma ba ta koma ba sai bayan shekara goma sha huɗu.

Aiki da aure

Daga 1990 ta kama aiki a wani ofishin zane mai zaman kansa kusa da Titin Gidan Zu, inda ta tsara gidaje da makarantu da jerin shaguna a Tarauni da Hotoro, dukkansu ɗauke da hatimin mai ofishin. A 1992 ta auri Caleb Dung, mai harhaɗa magunguna ɗan asalin Filato, Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku.

A 2003 aka buɗe wata makaranta da ta zana tun daga tushe har rufi. A wajen bikin an kira mai ofishin an yaba wa basirarsa, ita kuwa aka roƙe ta ta taimaka da rabon lemo. Ta raba lemon, abin ya yi mata ciwo matuƙa, a wannan shekarar ta koma jami'a tana da shekara talatin da shida, ta zauna aji ɗaya da yaran da ke kiran ta Mama. Ta kammala digiri na biyu a 2005, ta samu rajista a 2008. Iyalinta sun tabbatar da cewa ranar da hatimi ya shiga hannunta, kalandar falo da bayan hannun mijinta duk sai da suka sha bugu.

Koyarwa da shirin haɗe digiri

A 2009 ta koma koyarwa a wata jami'a mai zaman kanta da ke gefen Kano. Nan ta ga abin da ya same ta yana samun ɗalibanta shekara bayan shekara: haziƙai su sa riga, a yi musu walima, su tafi hidimar ƙasa, aiki ko aure ya riƙe su, su ƙare suna yi wa wasu zane. Saboda haka a 2015 ta gabatar wa majalisar jami'ar da wani shiri na haɗe digiri biyu cikin shekara biyar maimakon shida. A tsarin, za a zaɓi ɗalibai a ƙarshen aji uku, su fara darussan digiri na biyu tun suna aji huɗu, su yi dogon hutu a ɗakin zane, aikinsu na aji huɗu ya zama tushen bincikensu na ƙarshe, sannan a ba su shaida biyu a rana ɗaya. Majalisa ta yi ta juya batun har 2020 kafin ta amince, bisa sharaɗin cewa idan fiye da rabin rukunin farko suka fice a hanya, za a rufe shirin. A 2021 aka zaɓi ɗalibai goma sha biyu.

Rikicin riga

Malama Rahila ta kafa wa shirin doka guda wadda babu ita a kundin jami'a: ɗalibin da ya gama aji huɗu ba zai sa rigar yaye ba, ba za a ɗauke shi hoto ba, ba za a yi masa walima ko addu'ar godiya ba, sai ya gama aji biyar. Abokan aikinta sun yi mata dariya, wai ta bar darasi ta koma faɗa da tufafi. Ita dai ta san abin da rigar take yi wa mutum da iyayensa.

A 2022, da sauran 'yan ajin suka fara awon riguna, iyaye bakwai cikin goma sha biyu suka tayar da ƙayar baya, adadin da ya isa a rufe shirin. Jagoransu shi ne Malam Murtala, direban a-daidaita-sahu a Babban Giji, mahaifin Zahra'u, wadda ta fi kowa hazaƙa a rukunin kuma ita ce ta farko a zuriyarsu da ta taka jami'a. Ya riga ya gayyato dangi daga ƙauye, wani Alhaji mai gine-gine kuma ya yi wa yarinyar alkawarin aiki. Ya iske Malama Rahila har gida a Gyaɗi-Gyaɗi, kuma an adana abin da ya faɗa mata: "Malama, 'yar kowa ta sa riga, tawa ce za ta tsaya a bakin ƙofa kamar wadda aka kora? Me zan ce wa mutanenmu?" Ta amsa masa da cewa: "Malam, kada ka ce musu komai. Ka kawo su su gani da idonsu."

A al'adar sashen, ɗalibi kan kare aikinsa na ƙarshen shekara a rufaffen ɗaki, gaban masu jarrabawa da aka gayyato daga waje. A watan Agusta na wannan shekara Malama Rahila ta ɗauko wannan zama ɗungurum ta kai shi filin wata firamare a Tarauni, ta kafa rumfuna, ta gayyaci iyaye da danginsu. Aikin da ta bai wa ɗaliban shi ne sake tsara magudanan ruwa da rumfunan 'yan kasuwa na unguwannin da suka fito, don haka jama'a suka yi ta cincirindo a kan ƙananan gine-ginen kwali, kowa na nuna layinsu da yatsa yana ihu. Da aka zo kan Zahra'u, wani tsohon farfesa ya sa ta a gaba da tambayoyi masu zafi, har Malam Murtala ya zaci cin mutunci ne ya miƙe zai shiga tsakani, sai da mutum biyu suka riƙe masa riga. Yarinyar ta amsa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta gaza a guda biyu, ta faɗi gaskiya cewa ba a koya musu ba tukuna. Farfesan ya bayyana wa taron cewa hannunta hannun gwani ne, amma waɗannan biyun da ta gaza su ne karatun shekara mai zuwa, kuma su ne ke hana gini faɗowa kan mutane. Malam Murtala ya juya ya ɗaga murya: "Malama, a riƙe rigar nan, kada a ba ta!" Mata suka rangaɗa guɗa, filin ya kaure da tafi. Ɗalibai biyu sun fice duk da haka, goma suka tsaya, shirin ya tsira.

A watan Disamba na 2023 goman nan suka karɓi shaida bibbiyu a rana ɗaya. Jerin gwanon a-daidaita-sahu ya raka Zahra'u daga jami'a har Babban Giji ana ta busa oda, Malama Rahila kuma ta zaga walima bakwai da addu'ar godiya uku, babu inda ta ƙi cin abinci. A shekarar da ta biyo baya, masu neman shiga shirin sun ninka guraben da ake da su sau huɗu.

Rasuwa

Malama Rahila Caleb Dung ta koma ga Mahaliccinta a watan Yuli na 2025 a Kano, bayan gajeruwar rashin lafiya, tana da shekara hamsin da takwas. An yi sujadar jana'izarta a majami'arsu, inda Kirista da Musulmi suka cika harabar har bakin titi, sannan aka kai ta garin mijinta kusa da Barikin Ladi aka binne ta. Ta rasu ta bar mijinta da 'ya'ya uku: Peter, malamin sakandare a Jos, Comfort, ma'aikaciyar jinya a Kano, da auta, Lydia, ɗaliba a shirin haɗe digiri, wadda ta gama aji huɗu wata guda bayan rasuwar. Kawunnan Lydia sun nemi a sa mata riga a yi ɗan taro ko gidan ya samu abin farin ciki, ta yi musu godiya, ta ce saura shekara ɗaya, ta koma ɗakin zane.