Kwamfutar da Ta Faɗo Daga Babur a Hanyar Riruwai

Ku sababbin zuwa wannan aiki namu na kwamfuta, ku matso. Har gobe ban manta da ranar da muka je rajistar manoma a wani ƙauye bayan Riruwai ba. Lokacin ni ne mai kula da kwamfutoci a ofishin wata ƙungiyar manoma a Tudun Wada.

Kwamfutar da muke fita da ita ƙauye tsohuwa ce tukuf. Ka kunna ta, ka je ka yi alwala, ka sha koko, ka gaida surukanka, ka dawo ka tarar tana tunani. Dalili, daga wani tsohon faifai mai juyawa take tashi, shi kuwa ba ya son jijjiga ko kaɗan. Sai na cire shi na sa SSD, wani ɗan falle kamar biskit, babu abin da ke motsi a cikinsa. Na juye komai a kai, na kuma ajiye kwafi a filash, 'yar ma'ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, don shi SSD in zai mutu ba ya sallama.

Sakatarenmu Malam Hadi yana da wata ɗabi'a: kunne yake karawa a jikin kwamfuta, in ya ji ƙirr-ƙirr sai hankalinsa ya kwanta. Ran nan ya kara, shiru.

"Ɗanjuma, ka kashe mana ita?"

"Ranka ya daɗe, ga ta a kunne."

"Abin da ba ya nishi ai ba aiki yake ba. Ji nan, gobe ake rufe rajistar taki. In mutanen nan suka rasa saboda biskit ɗinka, kai za ka tsaya gaban dattawansu, sannan ka ajiye min makullin ofis."

Washegari mota ta sauke mu a Doguwa, muka hau babura. Damina ce, hanya duk ta zaizaye. Ɗan acaɓana ya afka wani rami, igiyar jakar kwamfutar ta tsinke. Wallahi sai da kwamfutar nan ta gaisa da shirwa kafin ta dawo ta daki dutse. Kusurwarta ta fashe. Malam Hadi sai salati yake, yana min kallon wanda aka riga aka sallama. Na ɗauko ta na rungume, muka ci gaba da tafiya.

Muka tarar da manoma cike da gindin mangwaro tun hantsi, har da wani Arɗo da ya tako daga ruga da mutanensa. Malam Hadi ya gyara hula ya miƙe zai ba da uzuri. Ni kuwa na danna maɓalli, shi kuma ya fara jawabi.

"Salamu alaikum. Jama'a, sai dai a yi haƙuri, domin..."

"Ranka ya daɗe, wa zan fara rubutawa?"

Ya waiwayo. Ga sunaye reras a allo.

Arɗo ya ce, "Malam, haƙurin me za mu yi?"

"A'a, Baffa... haƙurin jira."

Kafin la'asar mun gama da kowa, babu wanda ya koma gida ba sunansa. A hanyar dawowa, ba tare da ya kalle ni ba, Malam Hadi ya ce, "Sauran kwamfutocin ofis fa, yaushe za ka sa musu biskit ɗin?"

Abin da na koya, a aikinmu bayani ba ya shiga kan oga, sai abu ya faɗi a gabansa ya tashi. Amma kada wani ya je ya yi wurgi da kwamfutar ofis ya ce Ɗanjuma ne ya koya masa.