Ƙyalle a Kan Eriya

Shekarar da dilar auduga ta faɗo min a ƙafa, ina aiki ne a wata masaƙa da ke Sharada, a sashen da ake sauke kaya daga manyan motoci. Ba laifin kowa ba ne. Igiya ce ta kwance, ni kuma na tsaya inda bai kamata ba ina sauraren gardamar ƙwallo. Aka kai ni asibitin ƙashi, aka naɗe min ƙafar hagu tun daga yatsu har ƙasan gwiwa da farin abin nan da muke kira siminti, aka ba ni sanduna biyu na hammata, aka ce in je gida in zauna. A tsakiyar azumi ne, farkon shekarun tamanin, lokacin da azumi yake faɗowa cikin damina.

Zaman gida bai dame ni ba kamar alkawarin da ke wuyana. Akwai wani filin wasa da aka buɗe a hanyar shiga gari, mai dokunan katako masu juyi da ƙananan motoci, da wani ƙaton lilo na ƙarfe mai kama da tayar keke, kujeru na rataye a jikinsa, yana ɗaga mutane sama ya sauko da su. Yara suna ce masa jirgi. Sallar da ta gabata ina kan aiki, 'yata ta fari tana kallo sa'o'inta suka tafi suka dawo da labari. Na ce mata in Allah ya kai mu baɗi, ni da kaina zan hau jirgin da ita. Ba a barin yaro ya hau sai da babba, uwarta kuwa tana jego a lokacin, ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Yarinyar ba ta taɓa tuna min ba. Kullum da safe dai sai ta durƙusa ta ƙwanƙwasa simintin da ɗan yatsa ta tambaye ni ko ta warke. Wannan ya fi mita ci min rai.

Na gwada tafiya da sandunan zuwa bakin titi, na dawo hammatana sun saɓule. Bas kuwa ranar Sallah ko mai ƙafa biyu da ƙyar yake samun inda zai sa ɗaya. Ina zaune a dakali ina huci sai maƙwabcina mai gyaran rediyo ya kira ni. Gurgu ne tun yana yaro, shan inna ce ta shanye masa ƙafafu, kuma ya girme ni. Rumfarsa tana manne da katangar gidanmu, a samanta akwai doguwar gora da ya sa aka kafa masa eriya a kai, ta fi duk wani abu tsawo a layinmu. Mutum ne mai tsokana, tun da na karye yake ce min sabon shiga. Ya ce in ɗauki kekensa washegarin Sallah.

Na san abin da hakan yake nufi. Keken nan mai taya uku da ake tuƙawa da hannu shi ne ƙafarsa, in ya ba ni shi zai wuni a tabarma yayin da gari ke yawon Sallah. Na ce a'a, ya ce kada in ɓata masa lokaci. Daga nan ya shiga karanta min dokoki kamar sabon ɗaukan aiki. In wani ya miƙo min sadaka in karɓa in ce Allah ya saka, kada in tsaya dogon bayani. In na kusa jirgin in ajiye keken nesa, in ƙarasa da sanduna, in tattare wando yadda simintin zai fito fili. Ya ce masu lilon suna barin mai karaya ya hau, amma ba sa barin wanda suka gani a keken guragu, wai zai faɗo a ɗora musu laifi. Na tambaye shi yadda ya sani. Ya ce ya je, ba sau ɗaya ba.

"Ladan arona abu ɗaya ne," in ji shi. "In kun kai can ƙololuwa, ka duba min ko ana hango eriyata."

Don kada a yi kuskure, ya sa aka sauke gorar aka ɗaura mata wani ƙyalle ruwan ɗorawa daga cikin ragowar yadin da ake ba mu a masaƙa, aka sake kafa ta.

Tuƙa keken guragu ba wasa ba ne. Kafin mu fita layi na zura tayar gaba a kwata, samari suka ciro ni suna dariya a ciki-ciki. An yi ruwa da asuba, hanya duk taɓo. Na ɗaure sandunan a baya, 'yata tana tafe a gefena cikin sabuwar atamfa da lalle a hannu, in mun zo gangare ta ɗare bayana, in mun zo tudu ta sauka ta tura. Muka wuce bayan masana'antu, duk a rufe, babu jiniya babu hayaƙi, sai masu gadi a bakin ƙofa suna jin rediyo. Wani da muke aikin dare tare ya wuce mu a kan keke, ya dube ni bai gane ni ba. Kusa da filin wata tsohuwa ta saka min kwabo a cinya. Har na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna doka. Na ce Allah ya saka, 'yata ta sayi alewa da shi.

A cikin filin hayaniya ce kawai, lasifika na kiɗa, injin wuta na ruri, masu ƙanƙara da masu balan-balan suna kutsawa cikin mutane. Na bar keken wajen wani mai rake a gindin bishiya, na tattare wando, na ɗauki sanduna. Ƙasa ta jiƙe, duk inda na dafa sai sandar ta nutse. Layin kuma dogo, ga yara suna tafe a guje ba sa kallon ƙasa, ni ko ban da aiki sai kare yatsuna da suka leƙo daga bakin simintin. Ƙafar ta kumbura tana zugi. Sau da yawa na so in ce mu haƙura da dokunan katako, amma in na dubi yarinyar sai in ga ba ni take kallo ba, kanta na sama.

Da muka iso gaba mai lilon ya tare ni da hannu. Ya dubi sandunan, ya dubi simintin, ya tambaye ni ko haɗari ne. Na ce karaya ce, a wurin aiki. Ya yi min sannu, ya karɓi sandunan ya jingine, har da kama ni ya zaunar. Daidai yadda maƙwabcina ya faɗa, ba ragi ba ƙari. Abin ya ba ni haushi, amma hawa na zo yi.

Aka saukar mana da wani ƙarfe a cinya, inji ya ɗauka. Ashe ni ban san kaina ba. Mutumin da ya saba hawa kan lodin auduga, sai ga shi kujera na lilo da shi a sarari, ba komai a ƙarƙashin ƙafarsa, nauyin simintin yana jansa ƙasa. Tun ba mu wuce tsayin bishiya ba na fara laluben abin riƙewa. Na damƙe ƙarfen da hannu ɗaya, na damƙe rigar yarinyar da ɗayan, na runtse ido ina salati. Ina jin ta tana dariya tana cewa in duba, in duba. Duk zagayen da aka yi ban buɗe ido ba sai da na ji an ɗage ƙarfen.

A hanyar dawowa ba ta yi shiru ba ko na minti ɗaya. Na ji daɗi ƙwarai, na sauke alkawari. Sai da muka shigo layi na hango ƙyallen yana kaɗawa, na tuna ladan aron keken.

Maƙwabcina yana kan tabarma a bakin rumfa, inda muka bar shi, da sabuwar hularsa ta Sallah. Ya duba tayoyin kekensa, ya ce na mayar masa da shi jakin gona. Sannan ya dube ni yana jira. Ban iya yi masa ƙarya ba, na ce ban ga komai ba, idona a rufe yake tun daga ƙasa. Ya yi dariya har da tari, amma dariyar ba ta daɗe ba. Ya sunkuya yana kankare taɓo daga jikin taya da sukundireba.

Sai 'yata ta tsuguna a gefen tabarmar ta fara ba shi labari. Ta ce ta ga Dala, ta ga rufin masana'antu a jere suna ƙyalli, ta ga gonaki kore shar har inda ido ya tsaya, mutane kuma ƙanana kamar tururuwa. Ya ajiye sukundireban.

"Eriyar fa, 'yar gidana?"

"Na gan ta, Baba. Ƙyallen yana yi mana bai-bai."

Ya tambaye ta ta wane gefe, ta nuna da hannu, ya gyaɗa kai ya ce lallai nan ne. Ni dai na san tazarar da ke tsakanin filin nan da layinmu, kuma har yau ban tambaye ta ba.

Bayan Sallah aka cire min simintin, na koma aiki. Ƙyallen kuwa maƙwabcina bai bari an sauke shi ba. Ruwa ya dake shi, rana ta cinye launinsa, har ya zama zare-zare, yana nan a kan gorar.