Kawu a Ƙarƙashin Tebur

Kullum da safe, kafin ya sha shayi, Kawu yakan rataya jakar kwamfutarsa ya bi ɗakunan asibiti yana auna intanet. Manhajar da yake aiki da ita takan aika saƙo ta jira ya dawo, sannan ta faɗi jinkirin da ya yi da abin da ya zube a hanya. Wasu a ofis suke aunawa, kusa da na'urar intanet, inda allo ke nuna kore, komai lafiya. Shi kuwa sai ya tafi can ƙarshen gini, lokacin da kowa ke kan layi. Wata nas ta ce mini da ya ga ja a allo sai ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifi, kuma ba ya tashi sai hoton ƙirjin majiyyaci ya buɗe a gaban likita.

Ranar walimar ritayarsa ni aka sa in yi jawabi, wai tunda kullum kaina na cikin littafi. Aka kira 'yarsa da ke karatu a waje ta bidiyo. Tana cewa "Baba", sai layi ya yanke, fuskarta ta daskare a allo, baki a buɗe.

"Malam, yau kayanka ma sun yi ritaya," in ji direban motar asibiti. Ɗaki ya ɗauki dariya.

Gumi ya tsatso masa a goshi. Ya naɗe hannun sabuwar rigarsa, ya buɗe kwamfuta ya auna, ya shige ƙarƙashin tebur yana bin waya. Ni kuma ina tsaye, takardar jawabi a hannuna, na kasa ɗaga ido balle in buɗe baki. Kafin muryar 'yarsa ta dawo an raba abinci, rabin mutane sun watse. Ya fito gwiwa duk datti yana ba da haƙuri. Wai mu yake ba haƙuri.

Ga abin da na kasa faɗa a ranar. Kawu, kai ne wanda ba a tunawa da shi sai abu ya lalace. Shekara da shekaru layi na tafiya ba wanda ya ce maka sannu, ya yanke sau ɗaya ka zama abin dariya. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Masu tasowa a wannan aiki, ku koyi durƙusonsa, ba abin kunya a ciki. Kunyar tana kanmu, mu da muka tsaya muna kallon tafin ƙafarsa.