Kwamfutar da Ba Ta Warkewa Sai a Wunti

Akwai ranakun da ƙwaƙwalwa ke share wa mutum don tausayi. Wata Laraba da na yi ina jigilar laftof tsakanin gidana da kasuwar Wunti ba ta samu wannan alfarmar ba, kuma ba na jin zan manta da ita.

A lokacin ina koyar da lissafi a sakandare, ina kuma yin wani kwas na kwamfuta ta intanet, ko na huta da alli. Ƙarfe biyu na rana za a buɗe jarrabawar ƙarshe, wanda bai shiga cikin rabin awa ba sai baɗi. Sharaɗi kuma, a kan Linux za a yi ta. Kwamfutata manhaja biyu ce a cikinta, Windows da Linux, kamar 'yan haya biyu a gida guda: in ka kunna, sai ka zaɓi wanda zai buɗe maka ƙofa.

Da safe na jona ta da intanet ɗin wayata ta waifai, wato ba tare da igiya ba, a Windows, lafiya lau. Na kashe, na ƙirga goma, na kunna, na shiga Linux. Babu waifai. Ba ƙin haɗuwa ya yi ba, ko alamarsa babu. Ƙirga goman nan kuwa tun a kwalejin horar da malamai aka dasa mana shi: kwamfuta a kashe ta murus, a bar ta ta huta, sannan a tashe ta. Na yi shekaru ina koya wa ɗalibai haka da murya irin ta mai karanta doka.

Na hau keke zuwa Wunti, wurin wani mai gyara da yatsunsa suka fi bakinsa sauri. Ya buɗe Windows, ya danna nan ya danna can, sai ga Linux, ga waifai garau.

"Malam, me ka ce ya same ta?"

Na ce, "Da safe dai ba ta da lafiya."

Ya ce, "To ta ji sauƙi."

Ni malamin lissafi ne, ba na yarda da amsa sai na gwada ta. Ina isa gida na leƙa Windows don in tabbatar ba a taɓa masa komai ba, na kashe, na ƙirga goma, na koma Linux. Wayam. Waya ɗaya, kwamfuta ɗaya, mutum ɗaya, abin da ya canza kawai unguwa ce. Na zargi kwanon rufi, na fito tsakar gida. Na zargi bishiyar maina, na matsa bakin ƙofa. Maƙwabcina ya same ni a kan kujera na ɗaga kwamfuta sama, ya ba ni shawarar in tafi wajen Gubi, wai sabis ya fi ƙarfi inda 'yan jami'a suke. Abin kunyar shi ne na tsaya na yi tunanin maganar.

Zuwa na biyu da maiɗakina muka tafi, tana da cefane. Mai gyara ya sake yin abin da ya yi, waifai ya sake fitowa.

"Malam, kwamfutar nan dai ni take tsoro. Ko ka zauna ka yi jarrabawar a nan?"

Ba zai yiwu ba. Ana buƙatar ɗaki shiru da kyamara a buɗe, shagonsa kuwa janareta uku ne ke gardama a bayansa. Muka dawo.

Saura matsala guda. Lambar shiga jarrabawa ta imel ake turo ta, kalmar sirrin imel ɗin kuma Windows ne kaɗai ya san ta, ni na manta tun tuni. Dole na shiga Windows, na kwafe lambar a takarda, na kashe, na ƙirga goma da muryar mai roƙo. Babu waifai. Ƙarfe biyu saura minti biyar.

Maiɗakina na gyaran alayyafo a gefe, ta ɗago kai ta ce, "Wai Malam, me kake ƙirgawa ne?"

Na fara yi mata bayanin hutun na'ura. Ta bar ni na kai tsakiya.

"Shi dai mai gyaran ban ga ya ƙirga komai ba. Bai ma kashe ta ba. 'Yar fitilar nan ta gefe ba ta mutu ba, ina kallo."

"Ai wannan gaggawa ce ta 'yan kasuwa, ristat ya yi mata, ta sake tashi da kanta. Ba ƙa'ida ba ne."

"To. Tasa gaggawar dai tana kawo intanet."

Na dube ta, na dubi agogo. Na koma Windows, na danna ristat kamar mai aikata laifi, na zaɓi Linux. Ga waifai nan zaune, sai ka ce bai taɓa fita ba. Biyu da minti goma sha biyu na shiga jarrabawa, na kuma ci.

Daga baya na karanta dalili. Windows ɗina in an ce ya mutu ba ya mutuwa duka, gyangyaɗi yake yi don ya tashi da wuri, yana riƙe da na'urar waifai kamar ɗan hayar da ya kwanta da makullin gida a aljihu. Ristat ne ke sa shi ya saki. Wato duk ladabin da nake yi wa kwamfutar shi ne ciwonta.

Na zargi kwano, bishiya da unguwa guda, ban zargi hannuna ba, don abin da yake yi na daɗe ina kiransa ƙa'ida. Tun ranar, in abu ya yi wa wani aiki ya ƙi ni, kafin in tambayi inda muka bambanta a wuri, sai in tambayi inda muka bambanta a yi. Ƙirga goma kuwa har yau ina yi, amma kafin in yi wa maiɗakina bayani.