Lambar Yabon Ɗantani

Duk telan da kekensa ya fara tsallake zare ko karya allura a tsakanin Gwale da Ƙofar Na'isa, wurin Saje Ɗalha ake tura shi. A soron gidansu yake aiki, gidan da aka haife shi shekara sittin da suka wuce, yana zaune a kan benci da ƙafar hagu a miƙe don ba ta lanƙwasuwa. Ba shi da yawan magana. 'Yan unguwa sun san ya yi soja, ya je yaƙin Laberiya, ya dawo da lambar yabo ta jarunta saboda ya ɗauko mutum huɗu daga bakin wuta. In aka ɗauko wannan zance a gabansa sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da goge ƙarfe, mutane su ce ai kunya gare shi.

Ba kunya ba ce. Ɗalha bai ɗauko kowa ba.

Yana da shekara ashirin ya shiga soja, rana ɗaya da wani saurayi ɗan Ƙofar Dawanau mai suna Ɗantani. A layi ɗaya suka tsaya, shi a gaba Ɗantani a bayansa, don haka lambarsu ta soja ta zo a jere, tasa ta ƙare da shida, ta Ɗantani da bakwai. Sai kuma aka yi dace sunan iyayensu maza ɗaya, Mustafa. A takardun bariki kowannensu "D. Mustafa" ne. Sau da yawa akan kai wa wannan wasiƙar wancan, su yi ta dariya.

A shekarar 1992 aka tura bataliyarsu Laberiya. Ɗalha direba ne. Wata safiya suna ratsa wata gonar roba, daidai wata 'yar gada, 'yan tawaye suka yi musu kwanton ɓauna. Harsashi ya fasa wa Ɗalha gwiwa, motar ta karkace ta kama da wuta. Ɗantani ya riga ya dira ya faɗa cikin kwalbati, ya tsira. Amma da ya ji ihun waɗanda suka rage sai ya fito. Sau huɗu yana komawa. Na huɗun da ya saɓo a kafaɗa shi ne Ɗalha, kuma saura taku kaɗan su isa kwalbatin aka harbi Ɗantani a gadon baya. Kwana biyu ya yi a tantin asibiti ya cika.

Bayan wata goma, an dawo gida, aka yi fareti a bariki. Ɗalha yana tsaye da sanda ya ji an kira lambarsa, an karanto aikin Ɗantani tiryan-tiryan, an ce shi ya yi. Kafin ya gama fahimtar abin da ke faruwa an maƙala masa lambar yabon a ƙirji. Da aka watse ya bi kyaftin ɗinsu, wanda bai je Laberiya tare da su ba, ya ce, "Yallaɓai, ba ni ba ne. Marigayi Ɗantani ne."

Kyaftin ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "An riga an sa hannu daga sama. So kake ka ce manya sun yi kuskure? Wanda ya mutu ya mutu. Wuce ka ba ni wuri."

Yana juyowa ya ga mahaifinsa, wanda ya taso tun daga Kano don wannan rana, yana share hawaye da hannun riga yana ta sa masa albarka. Sai Ɗalha ya ce a ransa gobe zai faɗa. Goben nan ta zama shekara talatin da ɗaya. Aka mayar da shi ɗakin telolin bariki saboda ƙafar, a can ya koyi gyaran keke, ya kai saje, ya yi ritaya ya dawo gida. Sau ɗaya ya je gidan su Ɗantani gaisuwa, bai iya haɗa ido da matarsa Nana Hauwa ba. Daga ranar ko ɗaurin aure aka gayyace shi Ƙofar Dawanau sai ya nemi uzuri.

Wata Laraba da hantsi wata mata ta sauko daga adaidaita sahu da kan keke a nannaɗe cikin zane. Ya duba, ya ga ba wata matsala ba ce, ya gyara ya miƙa mata. Amma ba ta tashi ba.

"Baba, ni fa ba gyara ne ya kawo ni ba. Sunana Maryam. Ni 'yar Ɗantani ce, ta Ƙofar Dawanau. Ina ciki ya tafi."

Sukudirebar da ke hannunsa ta faɗi ƙasa.

"An ce tare kuka je," in ji ta. "Tun ina yarinya nake jin wata magana a dangi, wai a baya aka harbe shi, wai gudu yake yi. Kwanan baya muka sami saɓani da wata 'yar baffana a gidan suna, ta faɗa mini a gaban mutane. Innata ba ta taɓa cewa komai ba, ko na tambaye ta sai ta ce Allah ya ji ƙansa. Kai ne jarumin da kowa ya sani. Don Allah ka gaya mini gaskiya, ko ba daɗi zan ɗauka. Gudu ya yi?"

Ɗalha bai taɓa sanin ana wannan magana ba. Duk shekarun nan abin da yake lallashin kansa da shi shi ne shirunsa bai cuci kowa ba.

Ya ce, "Bai gudu ba, 'yata. Ni ne a kafaɗarsa."

Ya ba ta labarin tun daga gadar har zuwa faretin, bai rage komai ba. Tana saurare ba ta ko motsi. Da ya gama ta dube shi ta ce a hankali, "Kana nan Gwale, muna can, duk shekarun nan?" Ta ɗauki kekenta ta fita ba sallama.

Bayan azahar ya kira matarsa Uwa da babbar 'yarsu Sa'adiyya, malamar firamare, ya maimaita musu. Uwa ta dafe ƙirji ta yi salati.

"Malam, yanzu me za ka yi?"

"Zan je a gyara takarda. A cire sunana a sa nasa."

"Ka tuna da 'ya'yanka kuwa? Da wane ido za mu dubi unguwa? In kuma suka ce ka ci amanar soja suka ɗaure ka fa? Ka ɗauki lambar ka kai musu gida a asirce, ka nemi gafara, shi ke nan."

"Ƙarfe ne kawai, Uwa. Takarda ce ta ce ni ne. Takarda ce za ta ce ba ni ba ne."

Sa'adiyya ta tashi ta ɗauko biro. Ita ta rubuta masa takardar koke da Turanci, ta raka shi kotu ya yi rantsuwa.

Ofishin da ake ajiye fayil ɗin sojoji yana wani gari mai nisa, tafiyar yini guda. Sau uku yana zuwa. Na farko aka ce mai sa hannu yana hutu. Na biyu aka nemi fayil ɗin Ɗantani aka rasa, sai bayan kwana biyu aka gano rabin takardunsa a cikin fayil ɗin Ɗalha. A zuwa na uku ya sami ganin wani hafsa matashi, wanda ya karanta koken sau biyu yana ɗaga gira.

"Baba, shekara shida ina kan wannan tebur. Kowa zuwa yake a ƙara masa. Kai ne na farko da ya zo a rage masa. Ka san abin da kake nema kuwa?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"To ga ƙa'ida. Sai an kawo shaidu biyu da suka ga abin da idonsu. Kai ba ka cikin lissafi, tunda kai ne mai koke. Ko kuma rahoton kwamandan da ya jagoranci tafiyar."

"Ya rasu tuntuni."

"To saura shaidu."

Ban da shi kansa, mutum uku ne Ɗantani ya ɗauko. Ɗalha ya shiga nema a wurin taron tsofaffin sojoji, kuma a nan labarin ya fasu. Wasu suka riƙe hannunsa. Wani tsohon kofur kuwa ya tashi a fusace ya ce ya zubar musu da mutunci, yanzu duk mai lamba sai a riƙa yi masa kallon maƙaryaci. Kafin mako ya zagayo zancen ya iso Gwale. Ba wanda ya zage shi a fuska. Amma majalisar da ke cika a ƙofar soronsa bayan la'asar ta koma ƙofar wani gida, wasu teloli kuma suka fara kai kekunansu Sabon Gari. Uwa ta daina zuwa biki.

Na farkon mutanen uku ya rasu. Na biyu, Bulus, an ce yana Langtang. Ɗalha ya je ya tarar da shi a kan kujera a inuwar mangwaro, ɓarin jikinsa ya shanye, maganarsa ba ta fita sosai. Amma da ya ji sunan Ɗantani sai ya fashe da kuka, yana ɗaga yatsu huɗu yana dukan kafaɗarsa da hannun da ke motsi. 'Yarsa ta rubuta abin da ta iya ganewa, ya dangwala, faston cocinsu ya sa hannu a matsayin wanda aka yi a gabansa. Da Ɗalha zai tafi Bulus ya riƙe masa riga ya ce wata kalma sau uku kafin ya gane. Cewa yake, "Ka makara." Ɗalha ya ce, "Na sani."

Na ukun, wani Garba mutumin wajen Wukari, ba wanda ya san inda yake. Ɗalha ya aika da shaidar Bulus kaɗai, da fatan za a duba.

Wata takwas ana jira. Amsar ta zo a ambulan mai ruwan ƙasa, Sa'adiyya ta karanta masa a soro. Bisa rantsuwar da ya yi da bakinsa, an cire sunansa daga jerin masu lambar, kuma ana umartarsa ya mayar da ita. Ba za a hukunta shi ba. Amma ba za a sa sunan marigayi Ɗantani Mustafa ba sai an cika shaidu biyu.

"Wato yanzu ba ta kowa ba ce," in ji shi.

"Haka suka ce, Baba."

Uwa tana tsaye a bakin ƙofar shiga gida tana ji. Ta ce, "Ka gani ko? Kai ka rasa, su ba su samu ba." Ta koma ciki. Can kuma sai ga ta ta fito da babbar rigarsa a goge, ta ajiye masa a kan benci. "In za ka je wurin matar Ɗantani, kada ka je da kayan aiki."

Ranar Juma'a bayan an sauko ya hau adaidaita sahu zuwa Ƙofar Dawanau. Ya yi sallama a soron gidan. Ƙannen Ɗantani biyu suka fito, da wasu maƙwabta, sannan aka shimfiɗa wa Nana Hauwa tabarma daga bakin ƙofar ciki, Maryam na gefenta. Ɗalha ya ƙi zama a kan kujerar da aka ba shi. Yana tsaye a kan sandarsa ya faɗi komai da ƙarfi yadda na waje ma za su ji, ya nuna musu shaidar Bulus da wasiƙar ofis.

Nana Hauwa ta bari ya gama. Sannan ta ce:

"Malam Ɗalha, ni ban taɓa yarda ya gudu ba, na san wanda na aura. Amma ba ni da abin da zan nuna wa mutane. Mahaifiyarsa ta rasu da wannan magana a zuciyarta, tana jin kunyar ambaton sunansa. Ita za ka nemi gafararta, ga shi ba ta nan. Nawa kuwa, ka ba ni lokaci. Ba zan ce na yafe ba alhali ban yafe ba tukuna."

"Ban zo don a yafe mini yau ba, Hajiya."

"To madalla. Allah ya sa mu cika da imani."

Aka shafa fatiha aka tashi. Ɗaya daga cikin ƙannen ya ba shi hannu, ɗayan ya shige gida. Yana bakin titi yana jiran abin hawa sai ga Maryam ta biyo shi, mayafinta a hannu tana gyarawa.

"Baba, shi wannan Garban, me aka sani a kansa?"

"Sunansa kawai, da cewa mutumin wajen Wukari ne. An ce bayan ritaya ya yi gadi a wani kamfanin shinkafa. Ko yana raye ma ban sani ba."

"Mijina yana da abokin ciniki da ke kawo doya daga can. Zan sa ya tambaya." Sai ta ƙara da cewa, "Ba don kai ba."

"Na sani, 'yata."

Ta karɓi lambar wayar Sa'adiyya ta koma gida.

Yau wata biyar ke nan. An sami Garba biyu a Wukari, duka ba shi ba ne. Ɗalha ya mayar da lambar kamar yadda aka umarce shi, aka ba shi takardar shaidar karɓa. Ciwon ƙafar ya ƙaru, likita ya hana shi doguwar tafiya a mota. A makon jiya Maryam ta bugo wa Sa'adiyya ta ce an ji labarin wani tsohon soja mai suna Garba a wani ƙauye kusa da Ibi, amma an ce idonsa ya tafi kuma ba kullum hankalinsa yake tare da shi ba. Uwa ta ce ya bari sai bayan salla. Ya ce mata Bulus ma da ya ƙara wata biyu da bai same shi ba, don an aiko ya rasu. Ranar Asabar zai tashi, Sa'adiyya ta nemi izinin kwana uku a makaranta za ta raka shi.