Gonar da ta ƙetare kogi

Shekarar da aka yi mini kaciya, ita ce shekarar da kogin Wudil ya sauya hanya. Ban san lambarta ba, don a lokacin ba mai boko a gidanmu. Abin da na riƙe shi ne warin laka. Har yau in damina ta yi nisa, nakan shaƙe shi.

Fadamarmu tana gabas da gada. Kakana ne ya shata iyakarta da gamba, ga mangwaro biyu daga arewa, kudu kuwa ruwa ne iyaka. Kwana uku kogi ya yi yana cin gaɓa, muna jin rikitowarta daga tsakar gida. Da ya janye, sai ga shi yana bi ta tsakiyar gonar. Ba gamba, ba mangwaro. Rabin ƙasar ya koma tsallake, yashi ya haɗe shi da gonar wani mutum. Da rani mutumin ya dasa albasa a kai.

Baba ya kai ƙara kotun alƙali a cikin gari. Na tuna benci mai sanyi, da ɗan sanda a bakin ƙofa, da yadda Baba yake ta juya hularsa a hannu. Ranar bai karya ba. Inna ma ba ta hura wuta ba sai da muka dawo.

Alƙali bai yi masa tsawa ba. Shaidu kawai ya nema. Duk waɗanda suka ga an shata gonar sun rasu, sai aminin kakana, wanda idonsa ya riga ya tafi. Aka riƙo hannunsa har gaban alƙali.

"Allah ya gafarta malam," in ji tsohon, "a tsayar da ni a gindin mangwaron. Taku sittin zan yi, in nuna muku iyaka."

Baba ne ya sunkuya ya ce, "Baffa, mangwaron ya tafi."

Aka ba mutumin tsallake rantsuwa, ya yi. Ban ce ƙarya ya yi ba. Wataƙila shi ma yashi kawai ya gani. Baba ya dangwala yatsa a takardar da bai iya karantawa ba, muka taho gida.

Yanzu da furfurata nake zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar. Da na iya sunana, abin da na fara rubutawa shi ne iyakar abin da ya rage mana, taku da taku, daga dutse, ba daga itace ba. Bara ma kogi ya sake gutsura. Bana ruwa bai gama zuwa ba.

Ga abin da na rubuta a shafi na biyu, abin da gonar take da shi a da. Mangwaro biyu. Rijiya ɗaya. Kunyar shuka arba'in a zamanin Baba, shida a nawa.